Amsa ga yarona kan fitilar LED da launin murjani

Yarona, na ga takardar da ka bari a shago jiya da yamma, inda kake tambaya me ya sa murjanin da muka kai gidan Alhaji a Unguwar Rimi ya koma launin ruwan ƙasa, alhali a wurinmu kore ne shar yana sheƙi, kuma ko ka je ka ƙure masa fitila don kyansa ya dawo. Kada ka taɓa fitilar nan tukuna sai ka karanta wannan.

Murjanin da muke kiwo a tankin ruwan gishiri dabba ce mai rai, kuma ba shi ne jan murjanin da iyayenmu mata suke ratayawa a wuya ba. A cikin naman jikinsa akwai wata irin gansakuka ƙanana ƙwarai da ido ba ya gani, wadda take sarrafa haske ta mayar da shi abinci kamar yadda ganyen bishiya yake yi, murjanin kuma ya ci daga ciki. Ita wannan gansakuka launinta ruwan ƙasa ne. A teku, ruwa yana shanye jan haske tun daga mitoci kaɗan na sama, shuɗi ne yake ratsawa ƙasa, don haka da shuɗin ta saba, kuma shi ya sa fitilun da muke sayarwa suka fi yawan ƙwayoyi masu shuɗin haske na wajen nanomita 450 (ma'aunin da ake bambance launukan haske da shi), tare da wasu kaɗan masu shunayya tsakanin 400 da 430.

Shi kuwa koren da yake ɗaukar ido, daga wani sinadari ne na jikin murjanin kansa, wanda yake haɗiye shuɗin haske ya fitar da shi kore ko ruwan lemo. Wani masani ɗan Japan, Osamu Shimomura, shi ya fara gano irin wannan sinadari a 1962 a jikin wata halittar teku mai kama da lema, har aka ba shi kyautar Nobel a 2008 tare da wasu mutum biyu. Abin lura shi ne farin haske mai yawa yana danne wannan sheƙi, kuma na lura mutanen gidan Alhaji sun fi son farin saboda su riƙa ganin kifayen da kyau. Don haka abu na farko, ka je bayan sallar isha'i, ka kashe farin ka bar shuɗin kaɗai na minti biyar, ka tsaya kusa da gilashin ka dubi bakin rassan. Idan koren ya bayyana, murjanin lafiyarsa ƙalau, saitin fitila ne kawai za a gyara.

Idan kuwa har a ƙarƙashin shuɗin yana nan dushe, to gansakukar ce ta yi yawa ta rufe launinsa, kuma hakan yana faruwa ko don haske ya yi kaɗan, ko don sinadaran naitiret da fosfet, masu fitowa daga ruɓaɓɓen abinci, sun taru a ruwa. A ganina na biyun ne, domin ranar da muka je na ga yaran gidan suna zuba wa kifi abinci kamar ana ba kaji dawa. Abincin da ya ruɓe taki ne ga gansakuka, kuma babu fitilar da za ta gyara wannan sai an rage ciyarwa an sauya wani kaso na ruwan.

Dalilin da ya sa na hana ka ƙure fitila shi ne na taɓa yin wannan kuskure da hannuna. A wani watan Afrilu, lokacin ina sabon shiga wannan sana'a, na ɗaga haske daga rabi zuwa ƙarshe a rana ɗaya, kafin mako ya zagayo wani reshen murjani nau'in Akurofora da na fi so ya kori gansakukarsa ya yi fari fat kamar alli, kuma bai tashi ba. Zafin bazarar Kaduna ya ƙara wa abin muni, domin ruwan yana buƙatar zama tsakanin digiri 25 da 27, idan ya doshi 30 ga kuma haske mai ƙarfi, murjani ba ya jurewa. In har ƙari ya zama dole, kashi biyar cikin ɗari a mako ya isa, fitila kuma kada ta wuce awa takwas zuwa goma a rana.

Gobe ka tafi da kayan gwajin ruwa da ma'aunin zafi, ka duba agogon fitilar ko ya rikice sakamakon ɗauke wuta, ka rubuta duk abin da ka samu a littafinka. Ka kawo mini ranar Asabar mu duba tare kafin mu faɗa wa Alhaji komai.