Amsa: Ɗalibaina ba sa karanta handaut kafin lakca

Salam Malam. Matsalar nan da ka kawo, wai ka ba su karatu sati guda amma ka shigo aji ka tarar ko buɗewa ba su yi ba, wallahi ni ma ta ishe ni har na koma amfani da Hypothesis, wata manhajar intanet ta yin sharhi tare a kan rubutu. Kyauta ne, ka ɗora takardar a PDF, kowa ya shiga ya ja layi a jimlar da ta ɗaure masa kai ya rubuta tambayarsa a gefe, wani ya zo ya amsa masa a nan ƙasa. Akwai kuma Perusall da aka ƙirƙiro a jami'ar Harvard, shi har maki yake sa wa sharhin da kansa, sai dai ni ban cika yarda na'ura ta auna min tunanin yaro ba.

Amma fa kar ka ce musu kawai ku je ku yi sharhi, za ka ga "gaskiya ne" da "na yarda" sun cika shafi. Ni sai na fara jefa tambaya biyu a sakin layi na farko, in raba su rukuni na mutum goma, in ce kowa ya mayar wa mutum ɗaya martani kafin daren Laraba. Wata yarinya da ko tari ba ta yi a aji, ita ta fi kowa kawo gyara.

Takardar da aka yi wa sikanin sai ka bi ta da OCR (manhajar da ke mayar da hoton rubutu ya zama rubutun da kwamfuta ke ganewa) tukuna, in ba haka ba layin ba zai jawu ba. Kuma yawancinsu da waya suke shiga, data ga tsada, don haka kar ta wuce shafi 10.