Izinin Dagaci Ya Isa A Ɗebi Jinin Ɗana?

Tambaya: Masu bincike sun zo ƙauyenmu a yankin Ringim suna ɗibar jinin yara. Sun ce dagaci ya amince, suka miƙo mini takardar Turanci in dangwala yatsa. Dole ne in yarda?

Amsa: Malama, ba dole ba ne. Amincewar dagaci ƙofar gari kawai take buɗe musu, amma izinin taɓa yaro yana hannun iyayensa. Sanarwar Helsinki ta 1964 (ƙa'idojin duniya kan binciken lafiya a jikin ɗan Adam) da ƙa'idojin binciken lafiya na Najeriya sun wajabta a bayyana miki manufar binciken da haɗarinsa yadda za ki fahimta, idan kuma ba kya karatu, a samu shaida kafin ki dangwala. Ƙin yarda ba zai hana a duba ɗanki a asibiti ba, kuma kina iya janyewa ko bayan kin amince.

Kano ta ga illar sakaci da wannan a 1996, lokacin da kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan a cikin yara kusan 200 masu sanƙarau, 11 suka rasu, iyaye kuma suka ce ba a sanar da su cewa gwaji ne ba. Ki nemi ganin takardar amincewar kwamitin ɗa'ar bincike, sannan ki tambayi inda za a kai jinin.