Gwaggon biri ganye yake ci, daga ina ya samo wannan ƙirjin?

Tambaya: Malam, ina yi maka fatan alheri. Ni matashi ne a Nima, nan Accra, kuma shekara biyu ke nan ina ɗaga ƙarfe. Kuɗin nama da ƙwai sun fi ƙarfin aljihuna. Wani abokina a majalisarmu ya nuna mana bidiyon gwaggon biri, wato gorila, a waya, ya ce wannan dabba ganye kawai take ci amma dubi damatsanta, saboda haka maganar furotin, wato sinadarin gina jiki, duk dabarar 'yan kasuwa ce. Da gaske ne? In na koma cin ganye zalla, jikina zai gina?

Amsa: Ƙanena, abokinka ya ga daidai, amma ya fassara ba daidai ba. Gwaggon biri ba ya farauta, kuma namijin da ya ƙasaita yana kai kilo 140 zuwa 200. Sai dai furotin ɗin da abokinka ke cewa ba a buƙata, gwaggon biri ya fi ku duka cinsa a majalisar nan.

Ga yadda lissafin yake. Ganye ɗanye yawancinsa ruwa ne, shi ya sa ma wannan dabba ba ta cika neman rafi ba. Amma in ka shanya ganyen ya bushe, kamar yadda iyayenmu ke shanya kuka ko zogale, abin da ya rage yana da furotin mai yawa, a wasu ganyayen har kashi ɗaya cikin biyar ko fiye. To babban namiji yana cinye abin da ya kai kilo 20 na ganye da kara da totuwa da tohon gora a yini guda. Mu ɗauka ruwa ya kwashe kashi huɗu cikin biyar, saura kilo 4. Ko da kashi 15 cikin 100 ne kawai furotin a ciki, ka ga ya haura rabin kilo. Kai mai ɗaga ƙarfe, in nauyinka kilo 70 ne, giram 110 ya ishe ka a rana. Masaniyar birai Jessica Rothman da abokan aikinta sun bi gwaggon birin tsaunuka a dajin Bwindi na Yuganda suna auna abin da suke ci, kuma a 2011 suka wallafa cewa a lokacin da ganye ya fi yawa a abincinsu, furotin har yawa yake yi musu. Abin da suke nema ido rufe shi ne abinci mai ba da kuzari, don haka da 'ya'yan itace sun nuna sai su koma cin su. Na dazuzzukan Gabon da Kamaru kuma suna haɗawa da gara da tururuwa.

Wurin da ya bar mu a baya shi ne ciki. Ka sake kallon bidiyon, ka lura da tumbin nan da ya turo gaba kamar tulu. Ba teɓa ba ce, hanji ne. A jikinsa babban hanji ya ɗauki kusan rabin girman hanyar abinci, mu kuwa namu bai wuce kashi ɗaya cikin biyar ba, ƙaramin hanjinmu ne ya fi yawa. A cikin wannan babban hanji akwai ƙananan halittu da ido ba ya gani, miliyoyi a kan miliyoyi, waɗanda ke tsima harzar ganyen, kamar dai yadda ƙullun koko ke kwana ya yi tsami. Daga wannan tsimi ake samun wani nau'in mai da hanjin ke tsotsa, jiki ya ƙona shi. Wani kiyasi da aka yi a 1997 ya nuna gwaggon birin yammacin Afirka ta Tsakiya zai iya samun fiye da rabin kuzarinsa ta wannan hanya. Mu ma muna da irin waɗannan halittu, amma abin da suke samar mana kaɗan ne.

A nan ina so in gyara wani kuskure da nake yawan ji, har daga bakin masu ilimi. Sukan ce halittun cikin ne ke ƙera masa furotin, kamar saniya. Saniya dabam take. Ita tsimin yana faruwa ne a tumbinta, tun kafin abinci ya isa ƙaramin hanji, don haka tana narkar da halittun su kansu ta sami furotin daga jikinsu. Shi gwaggon biri tsiminsa a ƙarshen hanya yake, bayan an wuce wurin da ake tsotsar furotin. Mafi yawan furotin ɗinsa daga ganyen yake zuwa kai tsaye. Akan gan shi wani lokaci yana cin kashinsa, amma wannan kam ban ba ka shawara ba.

Sannan akwai wahalar da bidiyo ba ya nunawa. Kusan rabin yininsa a tauna yake ƙarewa, sauran kuma a kishingiɗe yana jiran ciki ya yi aikinsa. Haƙoransa na tauna manya ne, kuma tsokar muƙamuƙinsa ta yi girman da sai da ta sami wani tudun ƙashi a tsakiyar kansa ta manne. Kai da ke fita neman na kanka tun asuba, yaushe za ka zauna ka tauna kilo 20 na kontomire, wato ganyen gwaza?

Duk wannan bulo ne kawai. Zanen ginin yana cikin halittarsa. Macen gwaggon biri abinci ɗaya take ci da namijin, a daji ɗaya, amma nauyinta kusan rabin nasa ne. Da ganye ne ke gina ƙirji, da sun zo kai ɗaya. Gado ne da sinadaran jikin namiji, irin su testosteron, ke sa tsokarsa ta kumbura da ya balaga, ba tare da ya taɓa ɗaga ƙarfe ba. Irin tsokar ma ta bambanta. A 2017 an gwada ta ɗan'uwansa cimfanzi, aka ga kusan kashi biyu cikin uku na zarenta irin mai fizga da sauri ne, kuma ƙarfinta ya ninka na mutum sau 1.35. Wannan ya yi ƙasa sosai da zuzutawar da ake yi a intanet. Mu zarenmu ya fi karkata ga juriya da doguwar tafiya, kuma ƙwaƙwalwarmu, wadda ta ninka ta gwaggon biri fiye da sau biyu, ita kaɗai tana cinye kashi ɗaya cikin biyar na kuzarinmu ko muna zaune. Jikin mutum marowaci ne da tsoka, wadda ba a sa ta aiki ba sai ya rage ta.

Ganye zalla zai ramar da kai. Amma rashin nama ba zai hana ka gina jiki ba, kuma maganin na nan a bakin titin Nima kowace safiya. Busasshen wake yana da furotin wajen giram 23 a kowane giram 100, gyaɗa ta ɗan fi haka. Abin da wake ya gaza a kai hatsi na da shi, abin da hatsi ya gaza a kai wake na da shi, saboda haka wake da shinkafa, wato waakye, ko koko da ƙosai, haɗi ne mai kyau. Ka ce wa mai sayarwa ta yawaita maka waken. Ka ƙara da miyar gyaɗa, waken suya, da wagashi, wato cukun madara, in ka samu. Ƙwai ɗaya yana da furotin giram 6, ko ɗaya a rana ya taimaka, haka ma busassun ƙananan kifi masu araha. Kada ka yanke ƙwai da kifin nan gaba ɗaya, domin bitamin B12 ba ya samuwa a wake ko ganye, kuma rashinsa na jawo ƙarancin jini da lalacewar jijiya a hankali. Ayoyo da zogale su zauna a kan tuwonka kamar yadda suka saba.