Bidiyo ya buɗe a Android amma ya ƙi a iPhone, me ya jawo?

Tambaya: Ina tace bidiyon bukukuwa. Na matse wani aiki da H.265 a cikin MP4 don ya rage nauyi. A manhajar kallo ta VLC da wayoyin Android yana tafiya lafiya lau, amma amarya ta ce ya ƙi buɗewa a iPhone ɗinta. Sai na sake matse shi ne daga farko?

Amsa: A'a, Malam, kada ka ɓata awanni da man janareta a banza. Mafi yawan lokaci bidiyon kansa lafiyarsa ƙalau, alamar da aka manna masa ce ba ta yi wa Apple ba.

MP4 mazubi ne kawai. A cikinsa akwai hoto da sauti, kuma kowanne yana ɗauke da wata alama mai haruffa huɗu da ke gaya wa manhajar kallo irin abin da za ta tarar. H.265, wanda ake kuma kira HEVC, kodek ne, wato hanyar matse bidiyo, kuma yana da alama biyu: hvc1 da hev1. Hoton ɗaya ne. Bambancin yana wajen bayanan da na'ura ke buƙata kafin ta fara warware hoton, wato VPS da SPS da PPS. A hvc1 ana ajiye su wuri guda a cikin fayil ɗin. A hev1 kuwa an yarda su bazu a cikin bidiyon. Apple ta fara karɓar HEVC a 2017, da iOS 11 da macOS High Sierra, kuma hvc1 manhajojinta suke nema. Shi kuwa FFmpeg, manhajar matse bidiyo da sauya masa mazubi, in ba ka ce masa komai ba, hev1 yake sakawa. VLC bai damu da wannan ba, shi ya sa yake yaudarar masu tacewa su ɗauka aiki ya kammala.

Fara da dubawa. Buɗe fayil ɗin a MediaInfo, manhajar da ke nuna bayanan bidiyo, ka kalli layin Codec ID. In ka ga hev1, ka rubuta wa FFmpeg wannan umarni, ka sa sunan fayil ɗinka a madadin biki.mp4:

ffmpeg -i biki.mp4 -c copy -tag:v hvc1 sabo.mp4

Wannan -c copy ɗin shi ne ke hana a sake matsewa, don haka ingancin hoto ba ya raguwa ko kaɗan, kuma ba a daɗewa an gama.

Sai dai alama ba ta sauya abin da ke ciki. Na sha ganin masu ƙoƙarin sa wa HEVC alamar avc1, wadda ta H.264 ce, kodek ɗin da ya riga HEVC fitowa, wai don tsohuwar talabijin ta karɓa. FFmpeg zai ƙi ma, ya ce alamar ba ta dace da kodek ɗin ba. Na'urar da ba ta iya HEVC ba, dole a matse mata da H.264.

Wannan rigima ba sabuwa ba ce. Zamanin mazubin AVI, FFmpeg yana sa wa bidiyon MPEG-4 alamar FMP4, alhali na'urorin DVD da yawa XVID ko DIVX kawai suka sani. A mazubin MKV babu wannan ciwon kai, don sunan kodek ake rubutawa a fili, amma iPhone ba ya buɗe MKV da manhajarsa ta asali.

Ga aikin biki da za a yi ta turawa dangi masu wayoyi iri-iri, ni H.264 da sautin AAC zan ba ka shawara, ko da ya ɗan fi nauyi. In ka nace sai HEVC, ka sa hvc1 tun wajen matsewa, sannan ka gwada a iPhone kafin ka miƙa.