Kwamfuta 20 ka sayar, amma sirrinsu yana kan ɗan ƙanwarka

Wani ɗan kasuwa daga Garwa ya rubuto mini. Ya kai wa wani kamfanin jigilar kaya kwamfutoci 20 na hannu, kowace a kan jaka 160 na sefa, ɗan ƙanwarsa ya ɗora musu Windows. Bayan 'yan watanni rubutun "Activer Windows", wato a kunna Windows da lasisi, ya fito a kusurwar allon wasu, kamfanin ya riƙe cikon kuɗin, yaron kuma ya tafi Duwala, wayarsa ba ta shiga. Yana tambaya yadda zai karɓi kuɗinsa, da kuma ko ya ci bashi ya buɗe reshe a Njamena, inda ya ji ƙungiyoyin agaji na sayen kwamfuta da yawa.

Alhaji, ajiye zancen Njamena tukuna. Wanda kwamfuta 20 suka gagara a garinsu, me zai yi da 200 a ƙasar wasu, da kuɗin bashi?

Na karanta wasiƙarka sau biyu ina neman inda za ka ce ga takardar aikin, ban gani ba. Wane Windows ke kan kowace na'ura, Home ko Pro? Daga ina lasisin ya fito? Wa ke riƙe da kalmar sirrin mai kula da na'urorin? Duk amsoshin suna kan yaro ɗaya, shi kuma yana Duwala. Da baƙo ka ɗauka, da ka sa shi ya rubuta ya sa hannu kafin ka biya shi. Da yake ɗan gida ne, sai ka ji nauyin tambaya. Nauyin nan ne yanzu ya riƙe maka kuɗi.

Rubutun da ya fito a allo mai yiwuwa alama ce cewa da wata dabarar intanet aka kunna Windows ɗin. Da yawa daga dabarun nan suna kwaikwayon tsarin manyan kamfanoni ne, wanda wa'adinsa kwana 180, idan ba a sabunta ba ya faɗi. Abin haushi, yawancin kwamfutocin ofis na Dell, HP da Lenovo da aka ƙera tun zamanin Windows 8 suna zuwa da lasisi na gaske a cikin na'urar kanta. Da yaron ya ɗora irin wanda na'urar ta zo da shi, da ta kunna kanta da zarar ta hau intanet. Mai yiwuwa halal ɗinka ya goge ya sa maka na sata.

Na san wani a Marwa da ya kai wa wani ƙaramin asibiti na'urori. Ƙaninsa ya kulle faifan kwamfutar akanta da BitLocker, makullin bayanai na Windows, ya ajiye lambar ceto mai lambobi 48 a wayarsa, wayar ta ɓace. Ranar da na'urar ta nemi lambar, lissafin shekara guda ya tafi ke nan. Na ga akantan zaune gaban allo mai launin shuɗi da buhun rasidai a gefensa, yana sake shigar da su ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya kawo na'urorin bai ƙara samun aiki a unguwar ba.

Ka je kamfanin da kanka, kada ka aika kowa, kada kuma ka fara da zancen kuɗi. Ka tafi da ƙwararre, ka biya shi da yarjejeniya a rubuce. A fara kwashe bayanansu zuwa wani faifai, sannan a duba na'urorin ɗaya ɗaya. Wadda ke da lasisinta a ciki, a mayar mata da shi. Wadda ba ta da shi, Windows 11 Pro na gaske kusan dalar Amurka 200 ne, ya haura jaka 100, wato fiye da rabin kuɗin da ka sayar da na'urar. Lasisin jaka biyar da ake tallatawa a intanet kuwa, ana iya toshe shi kowane lokaci. Ka kuma sani Microsoft ya rufe tallafin yau da kullum na Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025, kuma Windows 11 yana buƙatar TPM 2.0, wani ɓangaren tsaro a cikin na'ura, wanda tsofaffin na'urori da dama ba su da shi. Waɗanda aikinsu bai wuce rubutu da intanet ba, ka ba kamfanin shawarar Ubuntu, wani tsari ne madadin Windows, kyauta ne, in sun yarda.

Kowace na'ura ta samu layinta a takarda: lambarta, tsarin da ke kanta, asalin lasisi, ranar aiki. Kalmomin sirri a ambulan rufaffe, a damƙa wa mai kamfani hannu da hannu, ya sa hannu a kwafinka. Ranar ne za ka tambayi cikon kuɗinka. Gyaran zai iya cinye ribar wannan cinikin gaba ɗaya, ka haƙura. Idan yaron ya kira, kada ka zage shi, ka fara karɓar kalmomin sirrin tukuna.