Tsohon manemina ya watsa ni a guruf na WhatsApp a Agege: me doka ta ce?

Tambaya: Barista, ina sayar da atamfa da turaruka ta WhatsApp a nan Agege. Wani ya nemi aurena kusan shekara guda, Allah bai yi ba. Tun da na ba shi haƙuri sai ya kwashi hotunana da hirarrakinmu ya zuba a guruf na 'yan unguwa mai mutum fiye da 200, ya rubuta wai bin maza nake yi, kasuwancin fakewa ce kawai. Yanzu ya turo saƙo cewa in ban mayar masa da naira 400,000 da ya ce ya kashe a kaina ba, zai saki sauran hotunan. Masu sharhi kuwa cewa suke yi mace mai kamun kai ba ta sa hotonta a intanet. Yayana ya ce mu je caji ofis a kulle shi.

Amsa: 'Yar'uwa, Allah Ya kawo miki sauƙi. Maganar masu sharhin nan ba ta da gurbi a doka. Sa hotonki don tallar hajarki, ko tura wa manemi hoto cikin amana, ba izini ba ne ga kowa ya watsa shi. Sashe na 37 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya kare sirrin hirar waya da saƙonnin kowane ɗan ƙasa, bai ware mace ba.

Kafin caji ofis da lauya, ki fara killace hujja yau ɗin nan, domin yana iya goge saƙonnin. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ɗauki sikirinshot mai nuna sunan da ke kanki kika sa masa a waya, wanda ba ya tabbatar da komai. Ki cire sunan na ɗan lokaci yadda lambarsa za ta fito a saman kowane saƙo, ki ɗauka da rana da lokaci, ki ɗauki shafin da ke nuna sunan guruf ɗin da yawan mutanen ciki. Ki fitar da hirar gaba ɗaya ki tura wa imel ɗinki, har da saƙonnin murya. Wayar kanta kada ki sayar, kada ki bari a yi mata wankin ciki, wato a goge duk abin da ke cikinta. Sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya ce duk hujjar da ta fito daga waya ko kwamfuta sai an bayyana na'urar da yadda aka fitar da ita, yawanci da takardar shaida mai sa hannu, kuma kotuna sun sha watsi da hujja mai kyau saboda rashin wannan.

Yayanki yana lissafi ne da dokar Arewa. A Kano ko Kaduna ɓata suna laifi ne da ɗan sanda zai iya kama mutum a kai. Legas kuwa ta cire shi daga dokar laifuffukanta tun 2011, ya zama ƙarar neman diyya da ke da kanki za ki shigar. Ga shi babu Hisba a nan. Idan kuka je caji ofis kuka ce "ya ɓata mata suna" kurum, mai yiwuwa a ce ku je ku sasanta a gida.

Abin da ya jefa shi cikin laifi shi ne saƙon kuɗin. Dokar Laifuffukan Intanet ta 2015, sashe na 24(2), ta tanadi ɗaurin shekara 5, ko tarar da ba ta gaza naira miliyan 15 ba, ko duka biyu, ga wanda ya yi barazanar zubar da mutuncin wani ta na'ura don ya karɓi kuɗi. In hotunan da ya saki na tsiraici ne, sashe na 24(1) ma ya hau kansa: ɗaurin da bai wuce shekara 3 ba, ko tarar da ba ta wuce miliyan 7 ba, ko duka biyu. Amma a lura, gyaran da aka yi wa dokar a 2024 ya taƙaita wannan ƙaramin sashe, zagi ko cin fuska zalla ba ya cikinsa yanzu. Saboda haka takardar ƙorafinki ta tsaya a kan barazana da neman kuɗi. Lauya ya rubuta ta zuwa ga Kwamishinan 'Yan Sandan Legas, ko ki kai ta sashen binciken manyan laifuffuka da ke Panti a Yaba, ki karɓi kwafi mai hatimi. Babbar Kotun Tarayya ce ke sauraron irin wannan tuhuma.

Kada ki biya shi ko sisi don ya yi shiru, hotunan suna nan a wayarsa, gobe ma zai dawo. In yana ganin yana da haƙƙi a kayan da ya kawo da niyyar aure, wannan magana ce dabam da za a zauna da magabata ko ya kai kotu. Bashi, ko da na gaskiya ne, ba ya halatta barazana.

Sai ƙarar ɓata suna a Babbar Kotun Jihar Legas. Tunda a rubuce ya yi, ba sai kin nuna asarar kuɗi ba kafin a ba ki diyya, kuma jifan mace da lalata yana cikin 'yan kalaman da ko da baki aka furta su doka ba ta neman a nuna asara. Duk da haka in kwastomomi sun janye, ki ajiye saƙonninsu da lissafin cinikinki na kafin abin da bayansa, yana ƙara nauyin diyya. Abu biyu ne ke kayar da irin wannan ƙara. Na ɗaya rashin shaida: dole a samu wani daga cikin guruf ɗin ya tsaya a kotu ya ce ya karanta, ya gane ke ake nufi, ya faɗi yadda abin ya sauya kallon da yake miki. A unguwar da kowa ya san kowa wannan ne mai wuya, don haka ki nemi mutum biyu tun yanzu kafin a yi musu magiya su janye. Na biyu harshe: tunda da Hausa ya rubuta, sai an kawo kalamansa da Hausar yadda suke, tare da fassarar Turanci daga wanda zai iya kare ta a gaban alƙali. Duk wanda ya tura rubutun zuwa wani guruf, shi ma ana iya haɗawa da shi.

Ba zan ɓoye miki ba, ƙarar tana iya cin shekaru, kuma babbar kariyarsa ita ce ya ce gaskiya ya faɗa. Nauyin tabbatarwa yana kansa, amma lauyansa zai tone rayuwarki da tambayoyi a bainar jama'a. Ki faɗa wa naki lauyan komai tun farko, har abin da kike jin nauyin faɗa. Ki kuma duba ko mutumin yana da abin biya, domin hukuncin miliyoyi a kan wanda bai ajiye komai ba takarda ce kawai.

Dama ƙa'idojin Babbar Kotun Jihar Legas na 2019 sun wajabta a aika takardar gargaɗi a nemi sulhu kafin shigar da ƙara, kuma sau da yawa a nan ake gamawa. In kina tsoron ya biyo ki gida ko shago, Dokar Kariya Daga Cin Zarafi ta Legas ta 2007 ta shafi har waɗanda suka yi neman aure, kotun majistare tana iya ba da umarnin ya nisance ki. Hukumar jihar mai yaƙi da cin zarafi a gida da na jima'i, wato DSVA, tana taimakawa a kan wannan kyauta, haka Ofishin Lauyan Al'umma, wato OPD, ga wanda ba shi da kuɗin lauya.

A halin yanzu ki rubuta wa admin ya cire rubutun, bayan kin gama ɗaukar hujja, ki kai rahoto ga WhatsApp da Facebook. In akwai hoton tsiraici, shafin StopNCII yana ɗaukar tambarin hoton daga wayarki ba tare da hoton ya fita ba, ya toshe ɗora shi a Facebook, Instagram da TikTok. Kada ki rama da zagi ko tona nasa asirin, zai samu abin shigar da tasa ƙarar. Yayanki ma ya riƙe hannunsa.

In magabata ko fadar Sarkin Hausawa suka nemi a sasanta, ba laifi, amma ban yarda da sulhun "a yi haƙuri, mace ce, a rufa asiri" ba, wanda ke ƙarewa ke ce mai ba da haƙuri. A rubuta shi: ya janye maganarsa a cikin guruf ɗin da ya yi ta, ya goge hotunan a gaban shaidu har da waɗanda ya adana a imel ko wata wayar, ya sa hannu cewa zai biya kuɗi kaza in ya sake. A kai yarjejeniyar Cibiyar Sulhu ta Jihar Legas, wadda ba a biyan kuɗi, ko sashen sulhu na Babbar Kotu, inda alƙali zai iya sa mata hannu ta zama daidai da hukuncin kotu.