Zauren Tambaya: Mastar tsara birane, ina zan dosa?

Tambaya: Baba, ina gaisuwa. Na gama lisans a fannin labarin ƙasa a Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai, na dawo gida. Ina son yin mastar a tsara birane da yankuna, amma kawuna ya ce karatun masu zanen gida ne, bai dace da ni ba. Me za ka ce?
Ɗiyarka daga unguwar Zariya, Maradi.

Amsa: Ɗiyata, a gaishe min da kawu, amma ya haɗa abu biyu daban wuri guda. Mai zanen gida, gida ɗaya ke gabansa. Mu masu tsara birane kuwa tun kafin a yanka fili sai mun san inda ruwa zai bi, inda kasuwa da maƙabarta za su zauna, da gonar wa gari zai ci nan da shekara ashirin.

Garin da kike ciki ma darasi ne. Maradi ta farko a fadamar gulbi take. Ambaliyar 1945 ce ta sa aka hau da ita tudu, aka ja tituna a miƙe. A ƙidayar 2012 mutanenta sun haura 267,000, kuma kin ga yadda sababbin unguwanni ke ta lashe gonaki tun daga nan.

Makarantu kam akwai. EAMAU, makarantar koyon zanen gine-gine da tsara birane da ke Lome, a Togo, ta ƙasashen Afirka ce har da Nijar, da Faransanci ake karatu, da gasa ake shiga. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariyar Najeriya tana da sashe na wannan fanni, sai dai fa ki gyara Ingilishinki. A tsarin LMD, wato lisans, mastar da dokta, shekara 2 ce mastar.

Amma ni ba makarantar ce ta dame ni ba. Wani gari da na yi aiki, da rani muka auna filaye, taswira tsaf gwanin kyau. Wata tsohuwa mai sayar da ƙuli-ƙuli ta dube mu ta ce, "Nan kuke son kasuwa? To ku taho da kwalekwale." Muka yi dariya. Agusta na kamawa wurin ya zama tafki, har yara na kamun kwaɗi. Yau shekaru da yawa ke nan, kunyarta ba ta sake ni ba.

Don haka kada ki jira malami ya ba ki batun bincike. Daminar nan, duk ran da aka yi ruwa mai ƙarfi, ki sa takalmin roba ki zaga unguwa ɗaya. Ki ɗauki hoton inda ruwa ya kwanta, da bakin kwazazzabon da ke cin gidaje, ki ji ta bakin mai unguwa da mata. QGIS, manhajar kwamfuta ta haɗa taswira, kyauta ake sauke ta, ki koyi ɗora waɗannan a taswira.

Batun aiki ba zan yi miki romon baka ba, gurbin gwamnati ba kullum yake buɗewa ba. Akwai ma'aikatun magajin gari, ofisoshin bincike masu zaman kansu da ƙungiyoyi. In kin haɗa taswirar, aiko min in duba.